Notin Baƙin Mai a Hanyar Rano

Ana idar da sallar asuba muka fito da baburan daga zaure, ranar wata Talata a tsakiyar daminar nan. Mu biyu ne, ni da wani taubashina da ke sayar da fata a Kasuwar Kurmi. Ni ina kan babur ɗin da zan kai wa mai shi, shi kuma yana kan nasa don ya goyo ni idan mun juyo. Ya ce zumunci ne ya sa zai raka ni, amma na san akwai fatun awaki da yake so ya leƙa a Rano. An sha ruwa kafin asuba, lungunan Mandawari duk sun jiƙe, kwatoci sun cika sun tumbatsa. Sai da muka tura baburan a ƙafa har bakin titi don kada mu fantsama wa masu dawowa daga masallaci.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sana'ata sayar da babura na hannu. Da wanki na fara, na koma kwancewa da ɗaurawa, yau ina da rumfata. A wannan sana'a kowa yana da babur, abin da ba kowa ke da shi ba shi ne maganar da za a yarda da ita. Wanda zan kai wa babur ɗin sunansa Malam Hudu, manomi ne a wani ƙauye gaba da Rano, yana kuma sayar da taki. Shekara goma sha huɗu ke nan duk mai son babur a ƙauyensu da na kewaye ta hannunsa yake bi, shi kuma ta hannuna. Bai taɓa takowa Kano don ya duba babur ba. Waya zai yi ya faɗi irin wanda ake so, in samo, sai ya yi mini tambaya guda: “Ka duba shi?” In ce na duba. Daga nan ciniki ya ƙare. Wannan karon shi da kansa zai hau, shi ya sa na ƙi ɗora shi a mota, na ce ni zan kai masa har gida. Ranar Litinin da yamma ya kira ya yi tambayar tasa, na ce masa na duba shi da hannuna, noti bayan noti.

Muka fita ta Ƙofar Na'isa muka kama titin Zariya. A Na'ibawa manyan motoci sun riga sun yi layi, direbobi na shan shayi a gindin tayoyinsu. Muka tsaya muka sha mai. Ba zan faɗi abin da aka karɓa ba, kowa a cikinku ya san halin da ake ciki, amma na lura mai sayarwar ba ya ko kallon fuskar mutum yanzu, wataƙila ya gaji da ganin yadda take canzawa. Babur ɗin yana tafiya sumul, ƙararsa ƙasa-ƙasa, giya na shiga ba gardama. Har na fara yabon kaina a zuci. A gadar Tamburawa kogi ya kawo, ruwan ja wur, masu haƙar yashi sun ja kwale-kwalensu gefe suna kallonsa kamar yadda muke kallonsa.

A Karfi muka karya kumallo. Duk wanda ya bi hanyar nan da damina ya san masarar Karfi, gasasshiya da dafaffiya, hayaƙinta ne ke fara tare ka tun daga nesa. Masarar tana nan da zaƙinta, kuɗin ne ba ya nan yadda muka bar shi bara. Taubashin nawa ya ci uku, ya ce ni zan biya tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, kuma bawa ba ya barin ubangidansa ya sa hannu a aljihu. Tun muna yara haka yake cutata da wannan al'ada, ban taɓa ganin ranar da ta juyo ta amfane ni ba. Daga nan muka bar babban titi muka karkata hagu zuwa Bunkure. Gonaki kore shar hagu da dama, shinkafa a fadama, dawa ta kai ƙugu. Hanyar kuwa wani wurin kwalta, wani wurin tarihin kwalta. Ramukan sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfin rami sai ka shiga.

Mun ɗan wuce Bunkure sai na ji taubashina yana ta danna mini oda daga baya. Na ɗauka tsokana ce na ƙyale shi. Sai ya sha gabana ya ɗaga hannu.

“Kai bawa, tsaya. Babur ɗinka yana rubutu a kan titi.”

Na kashe injin na waiwaya. Baƙin layi siriri ya biyo ni tun daga inda ido ke iya kaiwa. Na zare gejin baƙin mai, ƙarshensa kaɗai ne ya jiƙe. Da na ƙara tafiyar minti biyar da injin ya kama, an gama da shi. Na durƙusa a cikin taɓo na miƙa hannu ƙarƙashin injin, wajen notin da ake kwancewa a zubar da tsohon mai. Ban ma ɗauko sifana ba. Da yatsu biyu na taɓa shi ya juya, ya ƙara juyawa, ya faɗo tafin hannuna da zafinsa.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Jikin injin babur alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, notin kuma baƙin ƙarfe ne mai tauri. A cikin ramin akwai tiredi, wato zanen nan mai murɗewa da noti ke bi ya kama. Idan aka matsa notin fiye da kima, sai ya cinye tiredin ramin, ya bar shi sumul, babu abin da zai riƙe. Abin da ya faru ke nan. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Notin da ke hannuna an naɗe shi da zaren buhu, an shafe da gam mai ruwan toka. Wanda ya cinye tiredin ya san ya cinye, ya rufe, ya yi shiru. Kuma na san naɗin nan, don ni ma hannun da ya yi shi ne ya koya mini.

Baba Tanko ne maigidana. Ina da shekara goma sha biyu mahaifina ya kai ni rumfarsa a Kabara, duk abin da na sani game da babur daga gare shi na samo. Yanzu ya haura saba'in. Tun da na buɗe rumfata, duk babur ɗin da zan sayar wurinsa nake kaiwa ya canza mai ya bi notuna, don ya samu na cefane ba tare da ya zama sadaka ba. A cikin gari kuwa akwai abin da ba a yi. Idan maigidanka ya tashi daga kan aiki ya ce an gama, sannu za ka yi masa ka tura babur ka tafi. Ka ɗauki sifana ka bi bayansa, ka gaya masa ke nan a gaban jama'a cewa ya ƙare. Ranar Litinin na ga ya daɗe a ƙarƙashin babur ɗin nan. Na ga ya tashi ya shiga cikin rumfa ya dawo da wani abu a dunƙule a hannunsa. Na gani sarai. Sai na ciro wayata na hau dannawa har ya gama. Bayan awa biyu Malam Hudu ya kira na ce masa na duba.

Na tsaya a bakin hanya da notin a hannu, raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa ma wanda zan fi jin haushi. Taubashin nawa da ya ga fuskata bai ƙara tsokana ba, ya ce mu tura zuwa 'yan gidajen da muke hangowa.

Akwai bakanike a wurin, a gindin wata darbejiya, mutum mai fara'a. Ya leƙa ramin ya ce abu ne mai sauƙi. Yana da notin mota da ya ɗan fi wannan kauri, zai murɗa shi da ƙarfi ya yanka wa kansa hanya, a sa gam, kuma zai kai mu inda za mu. Na ce masa irin wannan lissafin ne ya kawo ni gindin bishiyarsa. Notin mota a jikin alminiyam, ko ya kama yau ko ya tsaga injin, kuma ranar da za a fara canza mai za a koma gidan jiya. Bai ji haushi ba. Ya yi dariya ya ce mutanen birni akwai son a yi abu kamar na kamfani. Sannan ya kwatanta mana wani mutum a bayan kasuwar Rano mai injin fiƙe ƙarfe, wanda ke gyara injinan ban ruwa, ya ce in dai aikin gaskiya nake so to can za mu.

Haka muka shiga Rano, ni a kan mataccen babur, taubashina a baya ya ɗora ƙafa a kan matakina yana tura ni da nasa. Wanda bai taɓa yin irin wannan tafiya a hanya mai ramuka ba bai san yawan tsokar da ke cinyarsa ba. Duk wanda muka wuce sai ya ce, “Sannunku, mai ne ya ƙare?” Manomi a kan keke ya faɗa, mata masu tallan fura da nono suka faɗa, har wani tsoho da ke kiwon tumaki. A zamanin nan ba wanda ke tunanin babur zai tsaya don wani dalili ban da mai. Na gaji da bayani na koma cewa eh. Taubashin kuwa bakinsa ya dawo. Ya ce shekara arba'in yana jiran ranar da zai kora bawansa da ƙafa a bainar jama'a, ga shi Allah Ya nuna masa. Da duwatsun Rano suka bayyana, manya-manya baƙaƙe da ciyawa a tsakaninsu, ban taɓa murnar ganin dutse irin ta ranar ba.

Mutumin da aka kwatanta mana Injiniya kowa ke ce masa. Baƙi ne siriri, zai yi shekara hamsin, ba ya son yawan magana. Rumfarsa cike take da injinan ban ruwa a kwance, ƙasan duk ɓarɓashin ƙarfe. Babu wuta, ya ce rabonsu da ita har ya manta, sai mun sayo man janareta. Kuma akwai famfon wani manomi a gabanmu, ba zai tsallake shi ba ko daga ina muka zo. Wannan ya burge ni duk da ina sauri. Muka tafi neman abinci. Wata mata a bakin kasuwa tana sayar da shinkafa da wake da mai da yaji, ta cika mana kwano yadda a Kano sai ka sayi biyu, ga yajin da ƙuli-ƙuli a ciki. Taubashina ya tafi wajen fatunsa ya dawo yana ƙorafin sun yi tsada, kamar shi araha yake sayarwa.

Da layi ya zo kanmu Injiniya ya karɓi notin ya juya shi a hannu, ya warware zaren a hankali.

“Wanda ya yi wannan ya san aiki,” in ji shi. “Wanda bai iya ba ba zai naɗa zare ya bi hannun noti haka ba. Wane ne?”

Na ce a wajenmu aka yi. Ya dube ni ya ga ba zan ƙara ba, ya ce to Allah Ya kyauta.

Na zauna a kan wani tsohon injin na kalli aikin daga farko har ƙarshe, don in ba ku labari daidai. Ya rufe makunnin fetur, muka kwantar da babur ɗin a kan tsohuwar taya yadda ramin zai fuskance shi. Ya shafa giris a bakin abin huda ya faɗaɗa ramin kaɗan, a hankali, yana tsayawa yana gogewa. Giris ɗin don ɓarɓashi ya manne a jikinsa ne kada ya faɗa cikin injin, domin ɗan ƙanƙanin ɓarɓashi ya isa ya ci injin daga ciki. Sannan ya ɗauko ƙarfen yanka tiredi, shi ma ya cika shi da giris. Ya murɗa rabin zagaye ya dawo baya, ya ƙara ya dawo, ya zare ya goge ya mayar. Kowane lokaci sai ya matsa baya ya rufe ido ɗaya ya duba ko ya miƙe, don idan ramin ya karkace ko da kaɗan ne, kan notin ba zai zauna daidai ba, mai zai riƙa tsatsa har abada. Da ya gama sai ya tayar da janareta, ya ɗora guntun tagulla a injinsa ya fiƙe shi ya zama kamar zobe mai tsawo, da tiredi a waje wanda zai shiga sabon ramin, da wani a ciki daidai da noti na asali. Ya murɗa zoben ya shige har ya yi daidai da jikin injin, ya ɗan dake bakinsa a wuri biyu don kada ya biyo noti ya fito. Muka ɗaga babur ɗin tsaye ya zuba kananzir ta sama yana tarewa da farin ƙyalle ta ƙasa, sau uku, har ƙyallen ya daina nuna ƙyalli. Ya sa sabon noti da wasa ta jan ƙarfe, wato ɗan zoben da ke zama ƙarƙashin kan noti, ya riƙe sifana a kusa da kai ya ɗaure da yatsu uku.

Muka zuba sabon mai na buga kik. Na sa kunne a jikin injin ina neman ƙwanƙwasa, don wannan ne abin da nake tsoro tun safe. Babu. Injiniya ya shimfiɗa kwali a ƙasa muka bar injin yana aiki, muka je muka yi azahar muka dawo. Ko ɗigo babu. Ya ce wannan ramin yanzu ya fi yadda ya fito daga kamfani ƙarfi, kuma na san gaskiya ya faɗa.

A nan taubashina ya ja ni gefe. Ya ce tunda gyaran ya fi na asali, kuma a ƙarƙashin injin yake inda ba mai gani, me zai sa in tayar da magana? In ce faci muka yi sau biyu, hanya ce ta ɓata mana lokaci. Ba zan yi muku ƙarya ba, na auna maganar tun daga Rano har muka sauka daga kwalta. Kuma ba zan ce tsoron Allah kaɗai ne ya yanke ba, ko da yake yana ciki. Ni ɗan kasuwa ne. Na san nan da wata guda za a canza mai, bakaniken ƙauyen zai ga tagulla tana ƙyalli a inda bai kamata ba, zai kira Malam Hudu ya nuna masa. Gara ya ji daga bakina da ya ji daga ƙarƙashin babur.

Hanyar ƙauyen jar ƙasa ce mai santsi, muka tsallake wani rafi da ruwa ya kai rabin taya. Mun isa wajen ƙarfe biyu da rabi. Malam Hudu yana ƙofar gidansa a kan tabarma da dattawa huɗu ko biyar, tun hantsi suke jiranmu. Dogon mutum ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. An yanka mana zabi, an yi tuwon dawa. Muka gaisa, ya zagaya babur ɗin yana murmushi, ya shafa tankin. Sai ya kalli wandona da baƙin mai ya ɓata har gwiwa ya tambayi ko lafiya hanya.

Na gaya masa komai a gaban mutanen, ban da suna. Na ce notin baƙin mai ya cinye tiredi, an rufe da zare, ya saki a hanya, an gyara a Rano gyara mai kyau, injin bai taɓu ba. Ya saurara har na gama.

“Alhaji, a Kano aka naɗa zaren?”

“A Kano.”

“Ba ka gani ba da ka duba?”

“Ban duba ba, Malam.”

Ya kalli tabarma. “Amma jiya ka ce mini ka duba.”

“Na faɗa.”

Ya juya wajen gida. Ya ce a kawo mana ruwa mu wanke hannu, abinci yana hucewa. Muna fara ci ya aika aka kira bakaniken garin, wani magidanci mai ɗan tsohon akwatin kaya. Ya ce masa a hankali ya ɗan duba masa babur ɗin nan gaba ɗaya. Ina zaune ina cin zabo, mutumin yana bin babur ɗina noti bayan noti a gaban dattawan gari. Ya cire filogi ya shinshina. Ya girgiza tayoyi, ya ja kaca, ya kwance murfin gefe, ya kwatanta lambar injin da ta takarda. Wasu daga cikin mutanen da ke kallo baburan da na sayar musu ne a jingine a bayansu, na ga ɗaya ya waiwaya ya dubi nasa. Na sha cin abinci a wurare marasa daɗi, amma ban taɓa haɗiyar loma mai nauyin ta ranar ba. Taubashina, mai bakin nan, kansa a ƙasa har aka gama.

Kusan awa guda aka yi. Bakaniken ya miƙe ya ce babur lafiya lau, gyaran Rano kuma ba shi da makusa. Malam Hudu ya yi hamdala ya karɓi makulli. Muka yi la'asar tare, ya sa aka ɗaure mana gyaɗa da ƙwan zabi a bayan babur. Ya rako mu har bakin rafi, ya riƙe hannuna ya yi godiya da na faɗi gaskiya, ya ce ba kowa zai faɗa ba. Sannan ya ce akwai mutum biyu da ke son babur bayan kaka.

“Amma kada ka wahalar da kanka da hanya, Alhaji. Zan shigo Kanon da kaina, ni da bakaniken nan, mu gani a can.”

Na ce Allah Ya kai mu. Bai zage ni ba, bai fasa ciniki ba, bai ma daina sayayya a wurina ba. Abin da ya janye shi ne abin da na shekara goma sha huɗu ina taƙama da shi a gaban sauran dillalai, kuma yana da gaskiya.

Na hau bayan taubashina muka juyo. Ruwa ya kama mu a Bunkure, muka fake a wata rumfar mai shayi har ya tsagaita. Masu masarar Karfi suna ta ɗaga mana hannu, ba wanda ya ce a tsaya. Duk tsawon hanyar ina shirya abin da zan gaya wa Baba Tanko da safe. Na shirya mai zafi, na shirya mai sanyi, na zubar, na sake shiryawa. Ana kiran magariba muka shigo ta Ƙofar Na'isa.

Da muka shiga lungunmu sai na hango mutum a kan dakalin ƙofar gidana, da sanda a jingine. Baba ne. In ba suna ko rasuwa ba, bai taɓa zuwa gidana ba, ni ke zuwa wurinsa. Maƙwabta suka ce tun la'asar yake zaune. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen can. Sannan ya rage murya.

“Ya zubar?”

“Ya zubar, Baba. An gyara.”

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. “Na so in gaya maka. Na ɗago na gan ka tsaye a kaina da babbar riga, ga mutane a rumfa. Sai na kasa.”

Duk maganganun da na shirya ba wadda ta fito. Na ce ya tashi mu je masallaci kada mu rasa jam'i, na riƙe masa hannu ya miƙe. Hannun yana rawa, kuma ban san tun yaushe yake yi ba, don na daɗe ban kalla ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Baba ya ji kunyata ya yi shiru, ni na ji kunyarsa na kau da kai, kowannenmu yana ganin mutunci yake kiyayewa. Wanda ba ya wurin, wanda ya yarda da mu daga nesa, shi muka bar wa haɗarin. Ramin noti an gyara shi cikin awa biyu da guntun tagulla. Kalmar nan “na duba” da na faɗa ban duba ba, ban ga mai injin da zai gyara mini ita ba. Idan kana sayar da abu da bakinka, to kada bakin ya riga hannunka, ko wa za ka ɓata wa.

Har yanzu ina kai wa Baba aiki, ba zan daina ba. Amma idan ya ce an gama, sai in naɗe hannun riga in ɗauki sifana in durƙusa. Shi kuma yakan juya fuskarsa wajen titi har in tashi.